Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

'Ya'yana masu ƙananan yara da kuke zaune a Greensboro da garuruwan da ke kewaye da ita: Watan Oktoba ya ƙarato, kuma na san yaranku sun fara dawowa daga makaranta da zancen bikin baje kolin jiha da ake yi a Raleigh, don abokan ajinsu ba su da wata hira sai ita. Kowace shekara gidajenmu kan rabu biyu a kan wannan magana. Akwai uban da zai ce shi aiki ya kawo shi ƙasar nan, ba wasa ba, ya kashe zancen. Akwai kuma wanda zai kwashi iyali ranar Asabar da tsakar rana ba tare da wani shiri ba, ya dawo cikin dare aljihu wayam, yara na kuka, shi da maiɗakinsa ba mai ce wa wani uffan. Dukansu biyun nake so mu zauna mu yi magana.

Da kai zan fara, ɗana, mai cewa ba za ka je ba. Ina jin ka ɗauka wurin kiɗa ne da lilo da ɓarnar kuɗi. Akwai wannan, ba na musu. Sai dai asalin abin taron manoma ne. Ƙungiyar manoman jihar Karolina ta Arewa ce ta fara shi a 1853, kuma har gobe ma'aikatar aikin gona ta jihar ce ke gudanar da shi, kwana goma sha ɗaya a tsakiyar Oktoba, a filin da yake tun 1928. Babban ginin nan mai lanƙwasasshen rufi da ake kira Dorton Arena, wanda masana gine-gine ke zuwa kallo daga nesa, an kammala shi ne a 1952 don a riƙa gwada shanu a ciki. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar baje koli ta Kaduna ko ta Kano ya san ƙamshin abin, amma nan dabba da amfanin gona su ne kan gaba.

Ka dubi ɗanka da kyau. An haife shi a asibitin birni, ya tashi a bene, madara a roba ya san ta, kaza kuma a leda. Kai kuwa ka yi kiwon awaki kafin ka iya karatu, ka san ranar da ake cire gyaɗa, ka san ƙaiƙayin gero. Duk wannan ilimin yana cikin kanka, kuma ba ka da inda za ka nuna masa shi, sai baki kawai. Jihar da kake zaune kuwa jihar noma ce. Ita ce ta ɗaya a Amurka wajen noman dankalin Hausa tun 1971, ita ce ta ɗaya a taba, tana noma gyaɗa da auduga da masara, tana kiwon kaji da talotalo masu ɗimbin yawa. Sau ɗaya a shekara ake tara duk wannan wuri guda, tafiyar awa ɗaya da rabi daga ƙofar gidanka. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya gaban saniya ya ga ubansa ya dubi haƙoranta ya faɗi shekarunta, daga ranar kallon da yake yi wa uban ya sauya. A wurin aiki wataƙila kwali kake ɗagawa ko mota kake tuƙawa, Turancinka ma yaron gyara maka yake yi. A rumfar shanu kai ne malami. Kada ka hana kanka wannan rana.

To amma ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin wahalar da nake gani tun daga gida ake ɗaukar ta. Mutane kusan miliyan guda ke shiga wannan fili cikin kwanakin nan, a 2010 ma sun haura miliyan, kuma kaso mafi tsoka ranakun Asabar da Lahadi suke zuwa, inda a yini ɗaya akan wuce mutum dubu ɗari. Mai goyo da mai jan ɗan shekara uku ba shi da abin da zai tsinta a irin wannan cunkoso sai ɓacin rai. Ku nemi hutun rana ɗaya a tsakiyar mako tun da sauran lokaci, ku isa da safe ana buɗe ƙofa. Da safe dabbobi ba su gaji ba, masu su ma ba su gaji da amsa tambaya ba, layi bai yi tsawo ba. Tikitin da aka saya kafin a buɗe bikin ya fi sauƙi, 'yan shekara biyar zuwa ƙasa kuma ba a biya musu kuɗin shiga. Akwai wata ranar Alhamis da ake shiga da gwangwanayen abinci a madadin kuɗi, a tara su a kai wa mabukata. Ga shiga, ga sadaka, ga kuma darasi idan ka bar yaron ya miƙa da hannunsa. Sai dai ku sani ranar takan cika.

Maganar mota ma a gama ta tun jajibiri. Mun saba da cewa mota ba ta cika, a matsa a ɗora yaro a cinya. Nan dokar jiha ta ce yaron da bai kai shekara takwas ba, kuma nauyinsa bai kai fam tamanin ba, dole ya zauna a kujerar yara da aka tanada. Gida biyu suka haɗu za su tafi, to mota biyu. Idan kuma maigida daga aikin dare ya sauko, kada a ɗora masa sitiyari a kan babbar hanyar I-40 da ran mutum shida a bayansa. A kwanakin bikin jirgin ƙasan da ke bi ta Greensboro yakan tsaya a bakin filin, kuma ga yara da yawa hawan jirgin kansa rabin bikin ne. Ke kuma 'yata, ki sa musu takalmin da suka saba da shi. Na san kina so su fito tsaf, an ɗinka sabon kaya, an sayi sabon takalmi. Sabon takalmi a filin da ya haura eka ɗari uku, kafin azahar ya fasa wa yaro ƙafa, ƙarshenta ke ce za ki ɗauke shi. Ki ɗauko rigunan sanyi kuma, domin ranar Oktoba takan yi daɗi, amma da faɗuwar rana iska ke juyawa.

Idan kun shiga, hasken fitilu da kiɗan wajen lilo za su ja yaran kamar ana kiran su da suna. Ku bi ta wata hanyar. Ku fara da dabbobi da amfanin gona tun hankalinsu na jikinsu, domin yaron da ya fara ɗanɗana majaujawa ba zai ƙara tsayawa kallon tunkiya ba. Ku kai su inda ake jera kabewa da kankana na gasa, su ga kabewar da ta haura kilo ɗari huɗu da hamsin, wadda sai da inji ake ɗaga ta. Ku kai su rumfar da ɗaliban jami'ar NC State ke barin yara su gwada tatsar saniya. Akwai ɓangaren da ake kira Village of Yesteryear, inda masu sana'ar hannu ke zaune suna aiki a gaban jama'a: mai ginin tukwane, masaƙi, mai sassaƙa, mai saƙar kwando. Can gefe akwai maƙeri da wutarsa, da tsohon injin niƙa masara. A nan ne za ka ce wa ɗanka, kakanka ma haka yake yi, sai dai shi zuga-zuginsa na fatar akuya ne. Ki ce wa 'yarki, a garinmu mata ke ginin tukunya, kuma ba da wannan faifan mai juyawa ba. Ba sai kun yi dogon wa'azi ba. Jimla biyu a gaban abin da ido ke gani sun isa.

Abin da na fi so ku tsaya ku kalla shi ne gasar dabbobi ta yara. Za ku ga yarinya 'yar shekara goma ko sha biyu ta jawo ɗan maraƙin da ya ninka ta nauyi sau da yawa, ta tsayar da shi a gaban alƙali, ta gyara masa tsayuwar ƙafa da sanda, idonta na kan alƙalin. Watanni ta yi tana tashi da asuba tana ba shi abinci, tana wanke shi, tana rubuta abin da ya ci. Yawancin yaran nan 'yan ƙungiyoyin matasa ne na aikin gona da ake kira 4-H ko FFA, kuma dabbobin da suka yi zarra akan yi gwanjonsu, wani kaso na kuɗin ya shiga asusun karatun yara. Mu da muke yawan kukan cewa yaran ƙasar nan ba su san wahala ba, ya kamata mu ga waɗannan. Ita 4-H ɗin ba ta 'ya'yan masu gona kaɗai ba ce. Ana shiga daga shekara biyar, tana da ofishi a gundumomi, kuma ɗaya daga cikin jami'o'i biyu da ke riƙe da ita a jihar nan ita ce A&T, wadda ke cikin Greensboro, da makarantar aikin gona da gonarta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba kowane ɗa ne zai zama likita ba, kuma likitan dabbobi ma likita ne.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai, don nan ne mu 'yan karkara muka fi sakaci. Mukan ce ai da dabbobi muka tashi, a zaure ɗaya muka kwana da tumaki, me ya same mu? A 2004, a wannan bikin na Raleigh, mutum 108 suka kamu da ciwon ciki daga ƙwayar cutar E. coli, akasarinsu yara, kuma bincike ya gano tushen abin a wani shinge da ake barin yara su shiga su shafa awaki da tumaki. Sha biyar daga cikinsu ciwon ya taɓa musu ƙoda. Dalilin haka ne majalisar jihar ta yi doka a 2005, wadda ta wajabta neman izini da ajiye wurin wanke hannu a duk inda jama'a za su taɓa dabba. Duk da haka an sake samun ɓullar cutar a 2011. Ita wannan ƙwaya tana zaune a hanjin dabba mai ƙoshin lafiya, ba ta nuna alama, tana fita a kashi, ta manne a gashi da ƙarfen shinge da ciyawar ƙasa da tafin takalmi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Maganin abin ba shi da wuya. Kada a shiga wajen dabbobi da abinci ko abin sha a hannu. Robar tsotso da bulumboti a jefa su cikin jaka tun daga ƙofa. Keken jariri a bar shi waje, domin tayarsa za ta kwaso abin ta kai shi har ɗakinku, inda mai rarrafe zai same shi. Ɗan ƙasa da shekara biyar a riƙe hannunsa, a hana shi zama a ƙasa, a hana shi kai yatsa baki. Da an fito a wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu, ko da yaron ya ce bai taɓa komai ba, kuma ke ki tsaya ki wanke masa da kanki. Man nan da ake shafawa a hannu yana taimakawa idan babu ruwa, amma bai kai sabulu ba. Sannan idan bayan kwana uku ko huɗu, ko ma mako, yaro ya fara murɗar ciki da gudawa, musamman in da jini, ku kai shi asibiti ku gaya wa likita cewa kun je wajen dabbobi. Kada ki buɗe jakar magungunan da aka kawo miki daga gida ki ba shi Flagyl ko maganin tsayar da zawo. A wannan ciwon irin waɗannan magunguna na iya ƙara jefa ƙodar yaro cikin haɗari. Na san al'adarmu ce mu fara gwada na gida, amma wannan ba wurinsa ba ne.

Sai abinci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka ku ciyar da su sosai kafin ku fito, ku kuma riƙo ruwa da ɗan abin taɓawa. Yaro mai yunwa a gaban rumfuna ɗari masu ƙamshin suya ba ya jin magana, kuma ba laifinsa ba ne. Ku sani jihar nan tana cikin uku na gaba a Amurka wajen kiwon alade, kuma gasasshen naman da take alfahari da shi, wanda za ku ga an rubuta barbecue a allunan rumfuna, naman alade ne in ba an faɗi wani abu dabam ba. Rumfunan da coci-coci ke buɗewa don tara kuɗi sun yi suna da burodi mai naman alade a ciki. Tsiran da ake tsomawa a ƙullun masara a soya sau da yawa da shi a ciki, wake da ganyen da aka dafa ma akan jefa musu shi don ɗanɗano, kuma mai ɗaya na iya soya abu biyar. Matambayi ba ya ɓata. Ku tambaya a fili, ba kunya, masu rumfar sun saba da masu tambaya saboda rashin lafiya ko addini. Akwai gasasshiyar masara, akwai gyaɗa, akwai tuffa, akwai askirim ɗin da jami'ar NC State ke yi da madarar shanunta.

Abin da ya fi abincin kansa muhimmanci shi ne yadda za ku yi wa yaron bayani. Za su ga aladu, har tsere ake sa su yi jama'a na shewa. Na ga iyayen da ke fizge hannun yaro suna tsaki suna tofar da yawu, a gaban yaron da ya yi wata shida yana kiwon dabbarsa. Wannan ba ya koya wa ɗanka addini, raina mutane yake koya masa, kuma gobe da waɗannan yaran zai zauna a aji. Ka ce masa cikin natsuwa, wannan halittar Allah ce, mu ba ma cin ta, su suna ci. Yaron da aka yi wa bayani a tsanake ya fi riƙe abin ranar da ba ka kusa.

Wajen lilo kuwa, ban ce ku hana su ba. Yaro ne, kuma don wannan ya ƙagu a zo. Ma'aikatar ƙwadago ta jiha tana duba kowane inji kafin a bari jama'a su hau. Amma a Oktoban 2013 wani lilo da ake kira Vortex ya tashi da kansa mutane na cikin sauka, biyar suka ji rauni, kuma bincike ya nuna an taɓa na'urar da ke hana shi motsi in ba a kulle mutane ba. Maganar har kotu. Na kawo wannan ne don ku san cewa idon hukuma ba ya ɗauke muku naku. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Ka tsaya ka kalli injin ya yi zagaye ɗaya kafin ka sa ɗanka. Ka dubi mai kula da shi: yana bi yana taɓa ƙarfen kowace kujera, ko idonsa na kan waya? A bakin kowane lilo akwai ma'aunin tsawo, kuma nan ne halinmu na roƙo ke fitowa. Haba, ɗan kaɗan ne ya rage, ka taimaka. Wasu har ɗaga yaro suke ya yi ɗage. Wannan ma'aunin an yi shi ne daidai da ƙarfen da zai riƙe jikin yaron. Wanda bai kai ba zai iya zamewa ta ƙasa. Ka auna yaranka a gida, ka gaya wa ƙaramin tun a mota cewa akwai waɗanda sai baɗi. Ke kuma mai mayafi da 'yarki mai hijabi, ku tattara gefen ku cusa cikin riga kafin ku hau abin da ke juyawa. Kuma yaron da ya ce yana tsoro a ƙyale shi. Kada uba ya ce ai kai namiji ne. Tsoron da aka tilasta wa yaro haɗiyewa a sama, a gado yake fitowa da dare.

Kusa da lilon akwai rumfunan wasa, a jefa ƙwallo, a harba, a ci ƙatuwar 'yar tsana. An tsara su ne don mai rumfa ya ci riba, kuma abin da kake hange a rataye sau da yawa bai kai kuɗin da za ka zuba kafin ka same shi ba. Na ga magidanta, mutanen kirki, sun tsaya suna zaro takarda bayan takarda don kada a ce sun kasa a gaban ɗansu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma a nan girman kai ne ya fi kwaɗayin ci. Ga abin da na ga yana aiki a gidajen da suka iya: tun a gida miji da mata su yanke abin da za a kashe, a ciro shi, a bar katin bashi ya huta. Kowane yaro da ya iya ƙirga a ba shi nasa kason a hannu, a ce masa wannan ne naka na yau, in ya ƙare ya ƙare. Za ka sha mamakin yadda yaron da ke cewa a saya masa komai zai koma mai lissafi da zarar kuɗin ya zama nasa. Wanda ya ƙarar da nasa tun da hantsi zai yi kuka, kuma nan ne jarrabawarku. In kuka ƙara masa, kun koya masa cewa kuka na buɗe jaka. In kuka daure kuka rarrashe shi da baki, ya koyi abin da wasu manya ba su koya ba har yau. Kuna da haya, kuna da 'yan uwa a Maraɗi ko Katsina ko Kumasi da ke jiran saƙon ƙarshen wata. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ɓatan yaro a cikin taro minti ɗaya ne. A gida mun saba ɗa na kowa ne, duk babban da ya ga yaro na kuka zai kama hannunsa ya nemo gidansu. Nan mutane da yawa na shakkar taɓa ɗan wani ko da da kyakkyawar niyya. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum: gida biyu ko uku sun tafi tare, manya shida, kowa na zaton yaron na hannun wani. Yawan manya ba ya tsare yaro, sai an ce wane, kai ne da wane. Ku ɗauki hoton kowane yaro a bakin ƙofa da kayan da ke jikinsa a ranar. Ku rubuta lambar waya a takarda ku sa masa a aljihu, ko a damtsensa da biro. Ku tabbata ya san cikakken sunanku na takarda, domin in aka tambaye shi ya ce Baba da Mama, ko ya faɗi sunan da ake kiranki da shi a gida, ba wanda zai gane. Ku nuna masa ɗan sanda ko ma'aikacin wurin, ku ce in ba ka gan mu ba ka tsaya inda kake, ko ka je wurin mai irin wannan kaya. Kuma kada a ɗora wa 'yar shekara tara riƙon ƙannenta biyu don ita ce babba. Ita ma kallo ta zo.

In Allah ya sa aka ga yaron da ya ɓata, ɗana, ka rungume shi. Na san abin da ke zuwa hannun uba a wannan lokacin, tsoro ne ke juyewa ya zama mari. Ka riƙe hannunka. Yaron ya riga ya sha azabarsa a mintocin da ya yi yana neman fuskarka cikin ƙafafun baƙi. Ban da haka, a ƙasar nan marin yaro a bainar jama'a na iya jawo maka tambayoyin hukuma da za su daɗe ba su ƙare ba.

Akwai wani abu da ban cika jin ana faɗa ba. Sau da yawa nakan ga iyali a irin wannan wuri, uwa na goye da ɗaya, tana tura keke, jaka a kafaɗa, uban kuwa yana gaba da taku goma, waya a sama, yana ɗaukar bidiyon da zai tura gida a ga yana Amurka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka karɓi jakar, ka ɗora ƙaramin a wuya, ka bar ta ita ma ta zauna ta sha wani abu mai sanyi. Ku ɗauki hoto, 'yan uwa na son gani, kakanni ma na da hakki. Amma in an ɗauka a mayar da wayar aljihu. Yaro na nuna maka abu yana cewa Baba duba, kai kana duban gilashi, sau uku zai faɗa ya daina.

Salla kuma a sa ta cikin lissafi tun farko. Azahar da la'asar za su same ku a can. Ku riƙo ƙaramar darduma, ku nemi gefe mai ciyawa nesa da rumfunan dabbobi, ɗaya ya yi ɗaya na riƙe da yara. Ban taɓa ganin an hana kowa ba. Akwai babban masallacin Raleigh ba nisa da filin ga mai son tsayawa a hanyar dawowa, kuma tun da tafiyar ta kai mil saba'in da wani abu, ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru kafin ranar. Yaron da ya ga iyayensa sun tsai da wasa sun yi salla a tsakiyar biki, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, ya ga abin da Islamiyyar ƙarshen mako ba za ta iya nuna masa ba.

Ku san lokacin tashi. Ana wasan wuta kowane dare wajen ƙarfe goma saura kwata, kuma kowa so yake ya jira. Ga mai 'yan shekara goma zuwa sama babu laifi. Ga mai ƙanana, awa huɗu ko biyar sun isa, ku fita tun ana dariya. Ba dole ne a ga komai ba don an biya kuɗin shiga. Wanda kuma yake ganin Raleigh ta yi masa girma a bana, akwai ƙananan bukukuwa irinsa kusa da gida: ana yin ɗaya a Greensboro cikin Satumba, ana yin Carolina Classic a Winston-Salem a farkon Oktoba. In kun iso gida, takalma su tsaya a bakin ƙofa, kaya su tafi wanki, yara su yi wanka kafin su kwanta, ko da barci ya ɗauke su a mota.

Saura magana ɗaya, ke 'yata. Idan kin shiga zauren da ake baje kayan gasa, ki duba da kyau: ɗinki, saƙa, kwalliyar zare, kek, zuma, barkono, zanen yara 'yan makaranta, kowanne da sunan mai shi, wasu da shuɗin ƙyallen wanda ya zo na ɗaya. Waɗannan ba kamfanoni ba ne, mazauna jihar ne irinki, kuma ke ma mazauniyar jihar ce. Na san hannunki a aikin zare, na ga attaruhu da yakuwar da maigidanki ke nomawa a bayan gida. Ana rufe karɓar sunayen masu shiga gasa tun cikin Satumba, saboda haka na bana ya wuce. Ki karanta ƙa'idojin a shafin bikin idan an fitar da su da bazara, ki zaɓi rukuni ɗaya naki, ki bar babbar 'yarki ta zaɓi nata.